Waya Uku a Rumfa Ɗaya

Wanda ya shiga Kasuwar Muda Lawal a Bauchi idonsa kan kaya yake sauka: kwandunan tumatir da attaruhu, buhunan albasa, tarin doya, lemo da kankana, da motocin da ke sauke su tun asuba. Ba kasafai ake ɗaga kai a dubi saman shaguna ba, alhali a can ne wani ɓangare na tarihin shekaru hamsin da suka wuce yake rataye. Akwai wayar da ta sauko daga turken wutar gwamnati, wadda har gobe NEPA ake ce mata ko da yake sunan ya daɗe da barin takarda. Akwai wadda ta taso daga janareta, ko na mai shagon ko na wani da ke sayar wa layi guda wuta. Sai kuma ta baya-bayan nan, ja da baƙa, wadda ta gangaro daga farantin sola zuwa batir a ƙarƙashin tebur. Kowaccensu ta zo a zamaninta don maganin wata matsala ta gaske, kuma da ta biyu ta zo ba a cire ta farko ba, haka da ta uku ta zo. Hujjar da nake son kafawa ita ce, a tsawon wannan sauyi mun ƙware ƙwarai wajen haɗa waya, amma raba ta ba mu ba shi muhimmanci ba, alhali lafiyar wutar lantarki a wurin rabuwar take.

Inda wannan darasi ya fi fitowa fili, abin mamaki, shi ne wani abin wasa da ba mu saba da shi ba a nan. A Jamus da Ingila da Amurka da Japan akwai magidanta, wasu har da furfura, da ke kashe kuɗi da shekaru suna shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan tebur, da tashoshi da gadoji da duwatsu, jirgi yana yawo a kai da wutar lantarki. A birnin Hambug ma akwai gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, ba abin da ke cikinsa sai irin wannan. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa, wanda suke kira HO, yana rage jirgi sau 87, faɗin layinsa milimita 16.5, wutarsa kuma ba ta wuce kimanin volt 12 a tsohon tsari. Ba waya ce ke kai wa kan jirgin wuta ba, ƙarafan layin guda biyu su ne wayoyin. Mu ce ɗaya ja ne ɗaya baƙi, irin na kan batir: ƙafafun jirgin na dama su ɗauko wuta daga wannan, na hagu su mayar da ita ta wancan. Muddin layin miƙewa yake yi, ko zagayawa ya dawo inda ya faro, babu matsala. Matsala tana zuwa ranar da mai layin ya so jirginsa ya juya, sai ya lanƙwasa ƙarshen layin kamar zargen igiya, ya dawo da shi ya haɗe da layin da ya fito, domin jirgin ya koma yana fuskantar inda ya baro. Idan mutum ya bi ƙarfen dama da yatsa ya zagaye zargen, zai tarar ya dawo ya sadu da ƙarfen hagu. Ja ta gamu da baƙa ba tare da komai a tsakani ba, wuta ta haɗe, komai ya tsaya, idan kuma babu abin kariya waya ta ɗauki zafi. Ba wanda ya yi kuskuren ɗaura waya a nan. Siffar layin ce da kanta ta kawo haɗarin.

Maganin da suka daɗe da ganowa yanka ne. Ana yanke giɓi a ƙarafan layin a mashigar zargen da mafitarsa, a cike giɓin da roba mai hana wuta wucewa, sai zargen ya zama wani yanki mai zaman kansa, da wayoyinsa daban, da makunni mai juya ja da baƙa yayin da jirgin ke ciki, ta yadda idan ya zo fita zai tarar ɓangarorin biyu sun dace. Dokoki uku ne ke riƙe da aikin, kuma duk wanda ya karya ɗaya zai gani a jikin kayansa. Dole a yanke ƙarafan biyu duka, don yanke ɗaya kamar ba a yi komai ba ne. Dole yankin da aka ware ya fi jirgi mafi tsawo tsayi, domin idan kan jirgin yana tsallake giɓin gaba alhali taragon ƙarshe mai ƙafafun ƙarfe yana kan giɓin baya, jirgin da kansa ya zama gadar da wuta za ta bi. Dole kuma makunnin ya saki gefe ɗaya kafin ya kama ɗayan. Kamfanoni irin su Lionel na Amurka da Märklin na Jamus sun kauce wa matsalar tun asali ta hanyar bi da wuta ta tsakiyar layi, a tsarin zamani kuma akwai 'yar na'ura da ke jin haɗewar wuta ta juya layin cikin ƙiftawar ido. Amma ko da na'urar, giɓin nan huɗu suna nan, ba abin da ya maye gurbinsu.

Mai karatu a Bauchi zai iya murmushi ya ce, mu da babban jirgin ma ya yi mana ƙaura, ina ruwanmu da na wasa. Yana da gaskiyarsa. Layin da ya taso daga Kuru kusa da Jos ya iso Bauchi a 1961, ya wuce Gombe ya kai Maiduguri a 1964, da rancen dala miliyan 28 da Bankin Duniya ya bayar a 1958, yau kuwa idan aka ce Railway a garin nan unguwa da kasuwa ake fara tunawa kafin jirgi. Ba don kewar jirgi na kawo maganar ba. Na kawo ta ne don a kan wannan tebur ana ganin dokar ƙuru-ƙuru da wutar da ba ta kisa, ita kuwa dokar ba ta san abin wasa da shagon ɗan kasuwa ba.

Kasuwar da ta gabaci lantarki ba ta rasa gobara ba, kada a yi mata ƙaryar alheri. Rumfunan zana da ciyawa ne, ga murhun mai abinci, ga tukubar mai tsire, ga kaskon mai ƙosai, da dare kuma aci-balbal da fitilar ƙwai. Sai dai wutar wancan zamani ana ganin ta da ido, tana da mai ita, tana da lokacin kunnawa da na kashewa. Idan kasuwa ta watse a kashe ta, kuma tarbiyyar addini ta ƙarfafa kada a kwanta a bar wuta tana ci. Mai gadi da ya hango ja-ja a wata rumfa ya san abin da ya gani. Da lantarki ya shigo, farkonsa bai rushe wannan tsari ba. An gama madatsar Kainji a 1968, aka haɗe hukumar lantarki ta ECN da ta madatsun Neja aka kafa NEPA a 1972, Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976, gari ya buɗe, kasuwanni suka yawaita. Bukatar shago a lokacin ba ta wuce ƙwan fitila ɗaya da fanka da rediyo ba. Mafarin wuta ɗaya ne, makunni ɗaya, fis ɗaya. Shi kansa fis ba komai ba ne illa giɓin da ke jiran ranarsa: siririyar waya da aka yi ta don ta narke kafin wayar bango ta yi zafi. A nan muka fara ɓata lamarin. Fis ya tsinke, mai shago ya gaji da canzawa, sai a naɗa masa wayar tagulla mai kauri, a ce an yi maganinsa. Wannan shi ne giɓi na farko da muka toshe da hannunmu, kuma da yake yawanci ba abin da ya faru washegari, sai aka ɗauka dabara ce.

Daga nan sai wutar gwamnati ta fara ja da baya a daidai lokacin da bukata ke hauhawa. NEPA ta koma PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a Nuwamban 2013, Bauchi ta faɗa ƙarƙashin kamfanin Jos tare da Filato da Gombe da Binuwai, amma abin da babban layin ƙasa ke rabawa ya ci gaba da yawo tsakanin megawat dubu huɗu da dubu biyar ga mutane fiye da miliyan ɗari biyu. A ɗaya gefen kuma wayar salula ta shigo a 2001 ta haifi sana'ar caji, firiza ta zama jari ga masu ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, aski ya koma na inji, ɗinki ma haka. Ɗan ƙaramin janaretan nan Tiger ya cika ko'ina, manyan na dizal suka biyo baya. Ranar da janareta ya shiga shagon da ke da wutar NEPA, ranar aka ƙulla zarge irin na kan tebur: mafarin wuta biyu suna neman waya ɗaya. Gaskiya ne wutar nan ba irin ta batir ba ce, tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, ba ta da ja da baƙa na dindindin. Wannan bai sauƙaƙa lamarin ba, domin kaiwa da komowar janareta ba ta tafiya daidai da ta babban layi, idan kuwa suka gamu babban ne ke murƙushe ƙaramin, janareta ya ƙone, wani lokaci da tankin fetur a kansa. Akwai kuma haɗarin da mai shago ba ya gani sam. Idan an ɗauke wuta, janaretansa kuma yana haɗe da layin waje, wutarsa za ta bi waya ta koma taransifoma ta baya, ita kuwa taransifoma ba ta zaɓen gefe: yadda take sauke volt dubu 11 zuwa na gida, haka za ta ɗaga na gida zuwa dubbai. Ma'aikacin da ya hau turke yana da tabbacin an kashe layi, shi ne zai biya.

Maganin wannan shi ne makunnin sauya layi, wanda masu gyaran wuta ke kira canji-oba, mai hannu da ake ɗagawa sama a kama NEPA, a sauke ƙasa a kama janareta, a tsakiya kuma ba a kama kowa ba. Wannan tsakiyar ita ce dukan amfaninsa. Dokar yanke ƙarfe biyu ma tana nan: mai kyau yana raba wayoyin biyu ne, mai wuta da abokiyarta, ba guda ɗaya ba. Amma abin da aka saba gani a shaguna da gidaje da yawa shi ne waya mai filogi a kowane ƙarshe, a cusa ɗaya a janareta ɗaya a soket ɗin bango, a dogara da cewa za a tuna a zare fis ɗin NEPA tukuna. Za a ce ai ana tunawa, shekara da shekaru ana yi lafiya. Ana tunawa ranar da mai shago yake nan kuma hankalinsa a kwance yake. Ranar da ya tafi masallaci ya bar yaron shago, ga masu saye sun yi layi, ga wuta ta dawo ba sallama, tunani ba ya raba waya. Makunnin da aka ƙera yadda ba zai iya kama gefe biyu a lokaci guda ba ya ɗauke wa ɗan Adam nauyin da bai kamata a ɗora masa ba tun farko.

Dokar tsawon jirgi ita ce ta fi ba ni tsoro idan aka kawo ta kasuwa, saboda ta shafi wutar haɗaka, wadda a Kano ake ce wa maja: mutum ɗaya ya ajiye babban inji, ya ja waya zuwa shaguna masu yawa, a biya shi kullum ko duk mako gwargwadon ƙwan fitila da fanka. Tsari ne mai basira, ya kuma rufa wa ƙananan 'yan kasuwa asiri, ba na raina shi. Sai dai da zarar waya ɗaya ta ratsa shago talatin, rabuwar da ake bukata ta zama ta shago talatin ɗin gaba ɗaya. Idan ashirin da tara sun sa makunni mai kyau, na talatin ya haɗa tasa da ka, to ta shagonsa wutar NEPA za ta hau wayar haɗaka ta shiga wa kowa. Mutum na iya yin komai daidai a shagonsa, ya ƙone saboda abin da aka yi a shago na goma daga nasa. Ga kuma halin da wayar kanta take ciki. An ja ta ta kan kwano mai kaifin baki, rana ta busar da robarta ta tsattsage, ɓera ya ɗanɗana, inda aka yi ƙari an murɗa da hannu an naɗe da leda maimakon salatif, wani wurin ma ko ledar babu. Kaurinta kuma an zaɓe shi ne da aljihu. A ƙa'ida waya mai milimita 1.5 ta fitila ce, soket yana son 2.5, firiza da hita da manyan injuna suna son abin da ya dace da nauyinsu, amma sau da yawa siririyar da aka ja don ƙwai ɗaya ita ce daga baya ake ɗora wa firiza. Lissafin kuwa ba ya sassauci: idan wutar da ke bin waya ta ninka biyu, zafin da take haifarwa sau huɗu yake ninkawa. A ƙara da wayar jabu, wadda cikinta alminiyom ne aka shafa masa tagulla, sai a ga cewa abin mamakin shi ne yawan daren da ke wucewa lafiya.

Sai zamanin sola. An cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A shekarar 2024 ɗin kuma Arewa maso Gabas ta sha duhu bayan an lalata turakun layin Jos zuwa Gombe a watan Afrilu, a Oktoba kuma yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako ba wuta. Ɗan kasuwar da ya koma sola bayan wannan ya yi hankali, kuma a ganina cikin sauye-sauyen nan uku babu wanda ya kai wannan alheri: ba hayaƙi, ba ƙara, ba jarkar fetur a bayan kanta. Amma ya zo da wata fahimta mai haɗari, wai wutar batir ba ta da ƙarfi tunda ba ta jan mutum. Ba ta ja, gaskiya ne, amma tana ƙonawa fiye da yadda ake zato. Kayan da ke cin wat 600 a kan volt 240 amfiya biyu da rabi kawai suke ja. Su ɗin dai, idan daga batir mai volt 12 za a ciyar da su, wayar da ke tsakanin batir da inbata amfiya 50 za ta ɗauka, ninki ashirin ke nan, a wayar da galibi ba ta kai kaurin da ya kamata ba. Tartsatsin wutar batir kuma ya fi wuyar mutuwa, domin wutar NEPA tana sauka zuwa sifili sau 100 a daƙiƙa, abin da ke taimaka wa tartsatsi ya yanke, ita kuwa ta batir miƙe take ba hutu. Shi ya sa ake bukatar fis ko birka irin nata, a kusa da kan batir sosai. Abu mafi muhimmanci shi ne batir ba ya tashi daga kasuwa. An kashe janareta, NEPA ta ɗauke, an kulle shago da kwaɗo biyu, amma akwai wuta cike a ƙarƙashin tebur, kusa da kwali da leda da atamfa, har gari ya waye. Tsohuwar al'adar kashe wuta kafin a tafi gida ba ta da inda za ta kama a nan sai an yi mata makunni.

Za a ce na ɗora wa waya laifin da ba nata kaɗai ba, kuma wannan ƙorafi yana da nauyi. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a Fabrairun 2002, ta Sabon Gari a Kano a Maris 2016, babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ta Katsina a Maris na shekarar, Kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairun 2023, kasuwannin Bauchi ma, har da ita Muda Lawal, sun ga nasu rabon. Ba na cewa waya ce ta tada kowacce. Akwai tukunyar gas, akwai bolar da aka cinna wa wuta, akwai garwashin mai shayi, akwai guntun sigari, akwai ma zargin ganganci a wasu wurare. Kuma abin da ke mayar da ƙaramar wuta babbar asara daban yake da abin da ya kunna ta: rumfunan da aka cusa a kan hanya har motar kashe gobara ba ta iya shiga, rashin ruwa a kusa, iskar hunturu. Duk na yarda. Amma a lura da yadda gobarar kasuwa ta fi son tsakar dare, lokacin da babu mai dafa abinci, babu mai shan sigari, ba kowa sai masu gadi. Cikin duk abubuwan da aka lissafa, kaɗan ne ke aiki a shagon da ke kulle, waya kuwa tana cikinsu, musamman a daren da aka dawo da wuta da ƙarfi kan kayan da aka bari a kunne. Ko da kashi ɗaya cikin uku ne nata, shi ne kason da ya fi sauƙin magani, domin ba ya jiran a rushe rumfar kowa ko a faɗaɗa hanya.

Ƙorafi na biyu na kuɗi ne, kuma shi ne wanda ɗan kasuwa zai faɗa da bakinsa: ciniki ya ja baya, haya ta hau, haraji kala-kala, yanzu kuma a ce ya sayi makunni da birka da wayar kirki ya biya ƙwararre. Ba zan ce masa abin kyauta ne ba. Amma ya auna da abin da ya riga ya kashe. Wanda ya iya sayen farantin sola da batir da inbata ya riga ya biya kaso mafi tsoka, abin da ya rage na kariya ɗan ƙarami ne a kansa, kuma shi ne ake fara yankewa idan ana ciniki da mai haɗawa, saboda shi kaɗai ne ba a ganin aikinsa. Farantin yana ba da wuta, batir yana riƙewa, fis kuwa zaune yake kamar ba ya komai, har ranar da zai yi aikinsa na daƙiƙa ɗaya. Mai haɗawar ma yana da laifi, don ya san idan ya sa kuɗin kariya a lissafi wani zai karye farashi ya ƙwace aikin, sai ya yi shiru. Garin neman gira ake rasa ido a nan, kuma idon ba na mutum ɗaya ba ne, tunda yawancin masu shagunan ba su da inshora, jarinsu kuma sau da yawa kayan bashi ne daga dila.

Akwai masu cewa gobara ƙaddara ce. Haka ne, kuma babu musulmin da zai yi jayayya da wannan. Sai dai mutumin da ke faɗar haka shi ne ke sa wa shagonsa ƙofar ƙarfe da kwaɗo, ya kuma biya kuɗin gadi duk wata, bai taɓa cewa sata ƙaddara ce don haka a bar ƙofa buɗe ba. Kalmar tana da wurinta, wato bayan abu ya faru, don a sanyaya zuciyar wanda ya yi asara. Kafin ya faru, addinin da ya ce a kashe fitila kafin barci bai bar wa sakaci mafaka ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na masu cewa duk wannan laifin hukuma ne: da wuta tana tsayawa, da ba wanda zai tara mafari uku a shago ɗaya. Wannan gaskiya ce tsantsa, kuma ita ce asalin ciwon. Amma ko gobe aka gyara wutar ƙasa, ba wanda zai sauke farantin da ya saya da guminsa, don haka zaman mafari biyu ko uku a shago ɗaya ya zo ke nan, sai dai a koyi zama da shi. Doka ma ba ta rasa ba. Tun 2015 akwai hukumar NEMSA da aka ɗora wa duba wayarin da ba masu aikin lantarki shaidar ƙwarewa, dokar lantarki ta 2023 kuma ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. An kuma ga abin da tsari ke iya yi: a 2018, ƙarƙashin wani shirin hukumar samar da wuta a karkara, an fara ba shagunan Sabon Gari ta Kano wutar sola ta haɗaka da mita, aka rage ƙananan janareta a layukan da aikin ya kai. Sai dai jami'in da ke zaune a ofis ba zai san wace waya ce ta ratsa ta bayan wane shago ba. Waɗanda suka sani su ne shugabannin kasuwa da na layi-layi, da masu injin haɗaka, da masu gyaran wutar da ake kira kullum. Su waɗannan masu gyara, akasarinsu a wurin maigida suka koyi aiki, kuma koyon hannu ba abin rainawa ba ne, shi ya riƙe garuruwanmu. Giɓinsa shi ne ana auna yaro da cewa ya haɗa wuta ta kawo, ba a tambayarsa me zai faru idan abu ya lalace. Garin da ke da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ta Tatari Ali bai kamata ya rasa inda za a tara waɗannan matasa na 'yan makonni a nuna musu lissafin kaurin waya da dalilin raba layi ba, da Hausa, a kan allo da waya a hannu.

Abin da ya rage aiki ne da ƙungiyar 'yan kasuwar Muda Lawal za ta iya farawa ba tare da jiran Abuja ba. Kafin hunturu ya kama, a zaga layi-layi da ƙwararren mai lantarki, a tambayi kowane shago abu huɗu: ina makunnin da ke raba NEPA da janareta da inbata, ina fis ɗin kan batir, wace waya ce ke ɗauke da firiza, kuma ina wurin da za a kashe komai da hannu ɗaya idan an tashi. Mai injin haɗaka kada ya ba kowa wuta sai ya ga makunninsa da idonsa, kowane layi kuma ya sami babban makunni a waje inda mai gadi zai iya kaiwa. Shugabannin da ke iya hana mutum kasa kaya a kan hanya, su kuma karɓi kuɗin shara da na gadi ba fashi, suna da ikon hana shi jan waya ba bisa ƙa'ida ba, kuma ya kamata su yi amfani da shi tun bana.